Na gwada daina shafa haɗin, fuskata ta rikice, ga biki ya matso

Assalamu alaikum Adda. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Gombe nake. Shekara biyu da suka wuce ƙuraje suka dame ni a fuska, sai matar Hammana, mai sayar da kayan gyaran jiki, ta haɗa mini wani mai a 'yar roba. Ta ce oganik ne, ba bilicin ba ne, da ganye da 'ya'yan itace aka yi shi. Cikin sati biyu ƙurajen suka mutu, na yi haske, kowa na yabawa, sai na koma shafa shi duk jiki. Yanzu in na shiga rana fuskata raɗaɗi take kamar an watsa barkono. Jijiyoyi sun fito raɗau a kumatuna da cinyoyina, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, nankarwa ta fito mini a damtse alhali ko aure ban yi ba, ga gashi a haɓa. Na gwada dainawa, kwana biyar kawai fuskar ta yi ja ta feso da ƙuraje, dole na koma. Ita ta ce datti ne yake fita, kuma fatata ta saba da na farkon, a ƙara mini mai ƙarfi in haɗa da allurar haske. Ƙawata kuma ta ce in riƙa goga lemon tsami da kanwa. An sa bikina bayan Babbar Sallah, saura wata huɗu, kuma wanda zan aura bai taɓa ganin ainihin kalata ba. Ni asalina wankan tarwaɗa ce mai ɗan duhu. Adda ki taimaka mini.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya.

Bari in fara da na gaggawa. Kada ki karɓi mai ƙarfin nan, kada ki miƙa hannu a yi miki allurar, lemon tsami da kanwa kuwa ki bar su a madafa inda suke da aikin yi. Sai kuma abin da wataƙila ba ki zaci ji daga bakina ba: kada ki jefar da robar yau ki ce kin daina kwatsam. Ajiye ta, da ita za ki je asibiti. Za ki ji dalili nan gaba kaɗan.

Wannan kalma ta oganik ita ta cinye mata da yawa a garin nan. Ganye ba ya sauya launin mutum cikin sati biyu. Fata da kanta takan ɗauki kusan wata guda kafin ta zubar da tsohon samanta ta fito da sabo. Kakanninmu sun ƙare rayuwarsu suna shafa man kaɗe, suna wanka da sabulun salo, suna kwaɓa kurkum da lalle, amma ba mu taɓa jin wadda ta kwanta baƙa ta tashi fara ba. Duk man da ya haskaka ki cikin kwanaki, to akwai magani mai ƙarfi a cikinsa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ƙamshin lemo da kalar karas da ake sa masa ado ne kawai. Abubuwa uku aka fi ɓoyewa a irin wannan haɗi: sitiroyid, da haidurokwinon, da makyuri wanda iyayenmu suka sani da zaiba. Alamomin da kika lissafa mini kuwa, kusan dukansu na farkon suke nunawa.

Sitiroyid ba guba ba ne a asalinsa, magani ne na gaske. Likita yakan rubuta shi ga mai ƙaiƙayi da kumburin fata, a shafa ɗan kaɗan a inda ciwon yake kawai, na sati ɗaya ko biyu, a ajiye. Shi ne ke cikin 'yan ƙananan tub ɗin nan da ake saye a kemis da kuɗi kaɗan, irin su kulobetasol da betametason. Masu haɗi sukan matse tub biyar ko shida a cikin man shafawa, su juya, su ɗiga turare, su zuba a roba mara suna. Da kin shafa, yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin fata sai ki ga kin washe, yana danne kumburi sai ƙuraje su kwanta, yana kuma rage launi. Wannan shi ne sati biyun da kowa ya yaba. Abin da ba a gani a lokacin shi ne ya hana fata saƙa zaren da ke ba ta kauri da ƙarfi. Wata ya bi wata tana sirancewa har ta koma kamar ɓawon albasa. Jijiyoyin da kike gani ba sababbi ba ne, da ma can suna nan, mayafin da ya rufe su ne ya zama shara-shara. Nankarwar ma fatar ce ta yage daga ciki. Gashin haɓa da raɗaɗin rana duk sahunsa ne.

Kuma bai tsaya a fata ba. Wadda ta shekara biyu tana shafe jikinta da shi tun daga goshi har tafin ƙafa, wani kaso yana ratsawa ya shiga jini. Yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya kumbura fuska, ya rikita al'ada. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su ne ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin na halitta. In suka ga ana ta shigo da shi daga waje, sai su yi kwance su rage aiki. Ranar da aka yanke na wajen farat ɗaya, jiki na iya rasa na ciki da na waje gaba ɗaya, mutum ya ji kasala da jiri da tashin zuciya, wani lokaci abin ya kai ga kwanciya asibiti. Shi ya sa na ce kada ki daina da ka. Likita ne zai duba ki ya tsara yadda za ki sauka daga kansa, ko ta rage ƙarfi ko ta rage kwanaki.

Batun datti yana fita kuwa, ban san sau nawa na ji shi a gidajen biki ba, kuma ba shi da tushe. Fata ba buhun gero ba ce da za a kakkaɓe tsakuwa ta zubo. Hanta da ƙoda su ke tace dattin jiki, ba kumatu ba. Abin da ya same ki cikin kwana biyar ɗin nan shi ne hanyoyin jinin da aka shekara biyu ana matsewa sun buɗe gaba ɗaya, kumburin da aka danne shi ma ya taso da ƙarfinsa. Kina komawa kan man sai abin ya lafa, ke kuma ki ɗauka magani ne. Cin bashi ne a biya bashi. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, ko da likita a gefenki za ki ratsa ta cikin wannan yanayi. Ga wasu makonni ne, ga wasu watanni. Za a yi kwanakin da ba za ki so kallon madubi ba. Amma yana wucewa, kuma duk ranar da kika koma wa robar kin mayar da lissafin farko. Cewa da aka yi fatarki ta saba, a ƙara mai ƙarfi, wannan ita ce hanyar da ake bi garin neman gira a rasa ido.

Baƙin gaɓoɓin yatsu shi ne tambarin bilicin da hoda ba ta rufewa, domin fatar wurin mai kauri ce da ninki, ba ta washewa daidai da sauran jiki. Shi ya sa nake zargin akwai haidurokwinon a haɗin naki. Shi ma likitocin fata suna amfani da shi wajen goge tabo, amma na 'yan watanni, a kan tabon kaɗai, suna lura. In aka daɗe ana lafta shi ana shiga rana, sai ya juya wa mai shi baya, ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da goshi. Shi ne wanda mata ke kira ƙunar rana, suna ƙara mai don su goge shi, shi kuwa yana ƙara zama. Yana cikin tabo mafi wuyar magani a fata. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, a nan gida kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. To wa ya auna na cikin robar da aka juya da cokali a tsakar gida?

Zaiba ta fi su shiru, ta fi su mugunta. Ba ta cika nuna kanta a fata ba, ƙoda take ci da jijiyoyin jiki. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana maƙalewa a tawul da zanen gado har wanda bai shafa ba ya samu rabonsa. Ke da kike shirin shiga ɗaki, wannan ya shafe ki kai tsaye. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, sunan wani gari a Japan da zaiba ta halaka mutanensa, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka amince da ita. Duk da haka sabulai da mayuka masu ɗauke da ita suna shigowa kasuwanninmu ta bayan gida.

Allurar haske kuma, wadda ake kira gulutatayon, babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna tana haskaka mutum haske mai ɗorewa, an kuma samu waɗanda ta taɓa musu ƙoda da hanta, da waɗanda jikinsu ya ƙi ta nan take. Balle a ce a shagon gyaran jiki za a huda jijiyarki, a hannun wadda ba ta san abin yi ba in numfashinki ya sarƙe. A'a ƙanwata.

Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta kawo shawarar lemon tsami, amma ni ganau ce. Ina budurwa na taɓa goga shi a kan wani tabo a goshina, na ji yana cizo na ce yawwa, aiki yake. Na fita rana zuwa makaranta. Bayan kwana biyu wurin ya tashi kamar ƙunar tafasasshen ruwa, tabon da bai kai ƙwayar wake ba ya koma faɗin kwabo, na yi watanni ina jawo ɗankwali ina rufe shi. Ruwan lemon tsami ya fi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, kuma akwai abin da ke cikinsa da in ya haɗu da hasken rana yake ƙona ta. Kanwa kuma ta ɗaya gefen take ɓarna, tana wanke ɗan maiƙon da ke tsare fata. Haka man goge baki da ake ɗorawa a kan ƙurji, da tafarnuwa, da gishiri. Mun taso da tunanin duk abin da ya yi zafi shi ke aiki. A fata ba haka ba ne, zafi ƙara ce take kaiwa. Mu masu duhun fata kuma, duk inda aka fusata ta da baƙin tabo take ramawa. Kasancewar abu daga gona ya fito ba ya wanke shi, ai tunfafiya ma ganye ce, wa ke ɗiga ruwanta a ido?

To me za ki yi? Cikin satin nan, ba bayan azumi ba, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ki yanki kati ki ce likitan fata kike son gani. Ki tafi da robar da sabulun da duk wani abin da kike shafawa a leda ɗaya. Ki faɗi shekara nawa, sau nawa a rana, kuma ina da ina kike shafawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ke ce ta farko da za ta shiga ɗakin da wannan matsala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan haskaka fata, har NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Ki roƙi a auna jininki, a gwada suga, a duba fitsari da lafiyar ƙoda. Ki kuma gaya masa aure za ki yi nan da wata huɗu, domin akwai magungunan ƙuraje, na sha da na shafawa, da bai kamata mai juna biyu ta yi amfani da su ba.

A gida kuma ki rage kaya, kada ki ƙara. Fatar da ta ji rauni abu uku take so: a wanke ta a hankali, a shafa mata mai, a kare ta daga rana.

Wanka da sabulu mai laushi mara ƙamshi, da tafin hannu, da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba. Soson buhu da soson raga su huta. Mutane sun ɗauka ƙuraje daga ƙazanta suke, sai a yi ta dirzar fuska sau biyar a rana. Ƙurajen fuska daga maiƙo ne da toshewar ƙofofin gashi da sauyin sinadaran jiki, mai tsabta ma suna fito mata. Sabulu sau biyu a rana ya ishi fuska, ruwan alwala kuwa ba ya cutarwa. Sabulun salo na gaske abu ne mai kyau ga lafiyayyar fata mai maiƙo, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, ba naki ba ne a yanzu, balle wanda aka cakuɗa da hodar haske ana kiransa sabulun amare. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka da sabulun da ake cewa na magani, su ma ki bar su. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa wasu sinadarai 19 na kashe ƙwayoyin cuta a sabulun wanka da na wanke hannu, saboda kamfanonin sun kasa nuna sun fi sabulu da ruwa na yau da kullum amfani.

Mai kuwa, man kaɗe tsantsa ko basilin a jiki, a shafa da ɗan danshin wanka kafin jiki ya bushe. Na san abin da za ki ce, wai suna sa baƙi. Ba sa sawa. Abin da ke faruwa shi ne mace ta bar bilicin ta koma man kaɗe, kalarta ta asali ta dawo, sai a ɗora wa kaɗanya laifi. Haka busasshiyar fata mai furu-furu a hunturu, in ta sha mai sai launinta ya fito sosai, a ce ta yi duhu. A fuska dai, tunda kina da ƙuraje, ki nemi mai mara nauyi mara turare. Kuma tsada ba ita ce inganci ba. Na ga robar dubu talatin da aka ce daga Dubai take wadda ba ta da ko sunan kamfani, na ga ta dubu biyu da ta fi ta amana. Abin dubawa shi ne a rubuta abin da ke ciki, da sunan mai yi da inda yake, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Lambar ma ana ƙirƙirar ta bogi, amma wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan bai cancanci ya taɓa fuskarki ba. Kan kwalin tub kuma, in kin ga sunan da ya ƙare da “sone” ko “sol”, ki tambayi mai famasi kafin ki shafa, yawanci sitiroyid ne.

Na ukun shi ne wanda muka fi rainawa, man kariya daga rana. Ana cewa na Turawa ne, baƙar fata ba ta buƙata. Gaskiya ne launin da Allah ya sa mana, wanda ake kira melanin, laima ce da ke tare wani kaso na zafin rana. Amma ke shekara biyu kenan ana yage miki laimar, ga bazarar Gombe tafe, lokacin da zafi kan kusa digiri 40. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, shi yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. Mai lamba 50 kashi 98 yake tarewa, don haka kada a tsorata ki da farashi. Ki shafa da safe a fuska da wuya da bayan hannu, ki sake bayan alwalar azahar in za ki fita, domin ruwa da gumi suna wanke shi. Ba ya sa fari, kada ki jira hakan daga gare shi, aikinsa ya hana tabo ƙara duhu. Ki haɗa da laima, ki jawo mayafi ya inuwantar da fuska, ki kauce wa tsakar rana in da hali.

In fatar ta huce, ƙurajen da suka jawo duk wannan suna da magani na gaskiya mai araha, irin su benzoyil feroksaid da salisilik asid da azelayik asid, likita zai zaɓa miki. Sai dai su sati shida zuwa takwas suke ɗauka kafin a fara ganin canji. Wannan jinkirin ne ya sa masu haɗi suke cin kasuwa.

Sai gyaran amarya, inda nake jin tsoron a ɓata abin da aka fara gyarawa. Za a taso ki da dilka da halawa da turara jiki. Dilka dirza ce, halawa kuwa fizga ce, a fatar da ta sirance tana iya tashi da saman fatar gaba ɗaya ta bar miki ciwo ana saura kwana uku kamu. Ki tambayi likita kafin lokacin, in ya ce a'a to a'a ne, ko wace Goggo ce ta ɓata rai. Lalle ki tsaya a kan ja na ganye. Baƙin nan na dayis sinadarin rina gashi ne a cikinsa, yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci sai bayan kwanaki, zanen fulawar ya koma tabo. Mai kwalliya kuma ki je mata da sosonki da burushinki, ki ce ta zaɓi hodar da ta dace da kalar wuyanki, ba wadda za ta mayar da fuska fari fat hannu baƙi ba. Kuma kada ki kwana da kwalliya komai gajiya. Tunda na taɓo kwalliya, ki riƙe wannan don gaba: kwallin dutse da muke sa wa jarirai sau da yawa dalma ce a cikinsa. A 2011 an samu wani jariri a Boston ta Amurka da gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da aka kai masa daga Najeriya aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da ita ba. Ki kuma aika wa masu haɗa lefe saƙo tun yanzu, kada su cika akwati da mayukan da za ki zubar.

Matar Hammanki fa? Ina kyautata zaton ba da mugunta ta yi ba. Yawancin masu wannan sana'a su ma sayen kayan haɗin suke a kasuwa, an ce musu oganik ne, kuma in kin duba hannunta wataƙila ita ma abin ya taɓa ta. Kada ki tona ta a gaban dangi, zumunci ya fi roba tsada. “Adda, likita ya dakatar da ni daga shafa komai” ya ishe ki amsa, ki maimaita shi duk lokacin da ta kawo sabon tayi. Amma bayan kin dawo daga asibiti ki zaunar da ita ke da ita, ki faɗa mata abin da aka gano. In ta toshe kunne, ki sanar da Hammanki cikin sirri, domin ba ke kaɗai take sayar wa ba, kuma akwai iyayen da har 'ya'yansu ƙanana suke shafa wa irin wannan. Fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotsewa.

Na bar batun angon ƙarshe don na san shi ne yake hana ki barci, ba jijiyoyin ba. Ba zan ɗora miki laifi ke kaɗai ba. Garin da ake cewa farar mace lantarkin gida, ana cewa fara ko mayya ce, shi ya buɗe wa masu haɗi shago. Samarin da ke zagin 'yan bilicin a majalisa, da yawansu su ne ke wuce baƙa su yi sallama da fara. Amma ki duba lissafin da idon basira. Nan da wata huɗu za ki yi duhu, da farko ma wataƙila fiye da kalarki ta asali kuma ba bai ɗaya ba, kafin ta daidaita a hankali. Nankarwar za ta dushe amma ba za ta ɓace ba. Ba zan yi miki alkawarin ranar ɗaurin aure fatar ta gama warkewa ba. In kuma kika ce bari ki lallaɓa da man har a kai ki, to bayan biki fa? A ɗaki ɗaya za ku kwana, zai ga robar, zai ga damtsen. Ga ciki na iya zuwa, lokacin da dole ki daina, wataƙila ga tiyata, kuma fatar da sitiroyid ya cinye ba ta saurin haɗewa in an ɗinke ta.

Saboda haka ki faɗa masa, da bakinki, kafin ya ji a bakin 'yan gulma. Ba sai kin yi kuka ko dogon bayani ba. In ya zo zance ki ce masa: “Akwai man da aka ba ni na ƙuraje, ashe yana da illa, ina ganin likita a kai. Kalata za ta koma yadda take tun asali, na fi haka duhu. Na ga ya dace ka sani.” Ki nuna masa hotonki na sakandare in kina da shi. Kafin nan ki fara sanar da Inna, don ki samu mai tsaya miki in surutu ya tashi daga dangin miji. Zai iya yin shiru, zai iya yin tambayoyi, ki ba shi lokaci. Yawancin maza masu hankali abin da zai fara fitowa daga bakinsu shi ne, me likitan ya ce? In kuwa ya nuna launin ya zo aura, to gara ki ji haka yanzu kina ɗakin Inna da ki ji bayan an kai ki.

Wani ɗan abu da zai taimake ki a kwanakin da zuciya za ta riƙa raya miki ki koma wa robar: duk Juma'a da safe ki tsaya bakin taga ki ɗauki hoton fuskarki, ba filta ba hoda. Madubi kullum ba ya nuna sauƙi, amma hoton sati na biyu da na sati na takwas za su nuna. Ki rubuto mini bayan kin ga likita, ina son jin abin da awon jinin da na ƙodar suka nuna.